Kasuwar da Muka Rufa wa Kwano

Garinmu yana tsakanin Wurno da Goronyo, ba nisa da gulbi. Lokacin da nake tasowa, kasuwarmu a tsakar gari take, tsakanin masallacin Juma'a da ƙofar gidan hakimi. Sau ɗaya take ci a mako, amma ko ba ranar cinta ba wurin ba ya rabuwa da jama'a. Duk wanda ya fito daga gida, ko ina za shi, sai ya ratsa ta.

Da aka gama madatsar ruwa aka ja ruwa zuwa fadama, noman rani ya kankama. Mutanen da a da suke tafiya cin rani bayan an yanke gero suka zauna gida suna shuka albasa da tafarnuwa da shinkafa. Sai kuma aka shimfiɗa kwalta, amma ba ta shigo gari ba, ta bayansa ta wuce. A can manyan motoci suka riƙa tsayawa suna lodin albasa. Dillalai suka fara komawa bakin titi, masu shayi suka bi su, sai mahauta, sai teloli. Ba wanda ya yi shelar tashi. Mun dai waiwaya wata rana muka ga rumfuna sun zube, awaki na kwance inda ake auna hatsi.

A lokacin ina koyarwa a firamare, kuma ni ne magatakardan ƙungiyar ci gaban gari. An taɓa tura ni kwas birni, na ga wata kasuwa a cikin gini guda, da rufi da ƙofofi da daɓen siminti, ba rana ba ruwan sama. Abin ya zauna mini a rai. Ranar da muka taru a zauren hakimi ana koke-koken yadda cikin gari ya mutu, sai na miƙe na ce mu ma mu gina irinta a mazaunin tsohuwar kasuwa. Na ce mutum ba ya zaɓar rana in ga inuwa. In muka yi rufi, da kansu za su dawo. Hakimi ya gyaɗa kai, liman ya sa albarka. Manyan manoman albasa suka ɗauki alkawarin siminti da kwano, matasa suka ce aikin ƙarfi nasu ne. Na fito zauren nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Matsala ɗaya ta rage: sai an share filin, kuma akwai waɗanda ba su tashi ba. Mafi daɗewa a cikinsu Baffa ne, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Gishiri da kanwa da igiya yake sayarwa a wata rumfar kara ƙarƙashin tsamiya. Masu sayensa yawanci Fulani ne da mutanen ƙauye. A bayan rumfarsa akwai fili inda suke ɗaure jakuna, su sha ruwa a randarsa, wasu har su bar masa ajiyar kaya su shiga gari.

'Yan ƙungiya suka ce tunda Baffana ne, ni zan je. Na same shi bayan la'asar yana fasa kanwa da ɗan gatari. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe takardar zanen ginin a kan tabarma, na nuna masa inda ƙofa za ta kasance, na ce wuri na farko daga shiga nasa ne.

Ya daɗe yana duban zanen. Sannan ya sa yatsa a bayan ginin ya ce, "Nan fa, mi a nan?"

"Bango ne, Baffa."

"To jakkai fa? Ina za a ɗamre su?"

Na yi dariya na ce zamanin jaki ya kusa wucewa, kowa babur yake nema. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Tsamiyag ga kuma?"

Na ce dole a sare ta, a tsakiyar ginin ta faɗo.

Ya ci gaba da fasa kanwarsa. Har na fara tunanin ya gama magana da ni, sai ya ce, "Ban so a ce baffan magatakarda shi yah hana gari ci gaba. Ku ba ni kwana ukku in kwashe."

Da hannunsa ya kwance rumfar, bai yarda a taya shi ba. Ranar da aka sare tsamiya kuwa bai fito daga gida ba.

Mun yi lissafin rani ɗaya zai ishe mu. Abin da ban tuna ba, ni da nake ganin na fi kowa hange, shi ne rani ya daina zama lokacin gini a garinmu. Da can in an gama kaka kowa hannunsa sake yake, a kwaɓa ƙasa a yi gayya. Yanzu rani ne lokacin ban ruwa. A sa ranar gayya, mutum goma ba za su zo ba, kowa yana fadama yana tsoron kada layin ruwa ya wuce shi. Bango ya kai ƙugu ya tsaya, damina ta sauka a kansa, ciyawa ta fito a ciki. Sai a rani na uku kwano ya hau.

Duk tsawon wannan lokaci Baffa a zauren gidansa ya baje kaya, cikin wani lungu da baƙo ba zai gane ba. Sauran waɗanda muka tasa suka ce za su ɗan zauna bakin titi kafin a gama. Wato mu da muka tashi dawo da mutane, mu muka kori 'yan kaɗan ɗin da suka rage.

Ranar buɗewa an yi taro na gani na faɗa. Makaɗa suka zo, aka yanka sa, hakimi ya buɗe ƙofa da kansa. Kasuwa ta cika har ba masaka tsinke. Baffa ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya zauna a wurinsa na bakin ƙofa, mutane na ta yi masa barka. Na tsaya daga gefe ina jin kamar na biya shi.

Mako biyu ba su cika ba aka fara ganin abin da ke ciki. Tagogin ƙanana ne, kuma can sama muka yi su saboda tsoron ɓarayi. Da hantsi ya ɗaga sai kwano ya ɗau zafi, ciki ya koma kamar tanda. Albasa kuwa iska take so. Wadda aka shigo da ita ta kwana biyu sai ta fara gumi tana ruɓewa, wari ya cika wurin. Wani direba ya yarda ya gwada shigowa da babbar mota don ɗaukar kaya, ta maƙale a lungun marina, ta goge katangar wani gida har ta tsage. Daga ranar ba wanda ya sake gwadawa. Mahauta suka ce hayaƙin tsire ba shi da mafita. Ɗaya bayan ɗaya suka naɗe tabarminsu, kowa na cewa zai dawo in sanyi ya shigo.

Aka bar Baffa da tela guda da wasu tsofaffin mata uku masu daddawa da kuka. In ɗayansu ya yi tari, sai ginin ya amsa.

Hanyata ta zuwa makaranta ta ƙofar kasuwar take. Na fara wucewa da sauri, ina gaisuwa daga nesa. Daga baya na sake hanya gaba ɗaya, ina zagayawa ta bayan masallaci. Na yi wata biyu haka. Wata safiya Inna, matar Baffa, ta aiko a kira ni. Na same ta tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Baffanka yac ce in tambaye ka, ko laihi yay yi maka?"

Daga nan kasuwar na nufa.

Yana zaune ya tuɓe riga ya rataya a kafaɗa, yana fifita da murfin kwali. Ya matsa mini a tabarma kamar jiya muka rabu. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Bari wanga. Jiya wani Bahillace yaz zaka, tun ubanai ni ka ba su kanwa. Yac ce sau biyu shina zuwa garin ga nemana, shi iske gini da ƙohwar ƙarhe, shi koma. Cewa shi kai sito na na gwamnati."

Ya yi 'yar dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Na ce, "Baffa, ko kai ma za ka koma bakin titi? Zan nema maka wuri mai kyau."

"In koma in yi mi? In zamna cikin hayaƙin mota ina hayaniya da yara? A'a. Amma in kuna jin magana, ku hwasa bangon baya. Ku buɗe shi har ƙasa, iska shi shigo, mai dabba shi ga mutane daga nesa shi san kasuwa ta."

Na kai maganar gaban ƙungiya a zama na gaba. Ban taɓa ganin an taso mini haka ba. Wani ya ce a rushe abin da hakimi ya buɗe da hannunsa? Wani ya ce garuruwan maƙwabta za su yi mana dariya. Wanda ya ba da kwano mafi yawa ya dube ni ya ce, "Malam, ba kai kak kawo zanen ba?" Aka rufe maganar a kan cewa mutane ne ba su waye ba tukuna, a ba su lokaci. Ni na rubuta hakan a littafin taro da hannuna.

Haka aka tafi har shekarar da damina ta yi ƙarfi, gulbi ya cika ya haura. Ƙauyukan da ke cikin fadama ruwa ya shafe su, gidajen ƙasa suka narke. Mutane suka hauro garinmu da abin da suka iya ɗauka a ka, da awaki, da tsofaffi a kan amalanke. Makarantarmu ta cika, aka rasa inda za a kai saura, sai hakimi ya ce a buɗe musu kasuwa. Ranar na ga ginin nan ya cika karo na biyu. Mata suka kafa murhu a kan daɓen siminti, aka ɗaura igiya aka rataya zannuwa don raba iyali da iyali.

A kwana na uku zafi da hayaƙi suka fara kwantar da yara. Wasu magidanta daga cikin baƙin suka aro guduma da diga, ba su nemi izinin kowa ba, suka fasa bangon baya. Ina tsaye aka yi. Da bulo na farko ya faɗi waje, iska ta shigo ta ɗaga zannuwan da aka rataya, na ji mata suna hamdala. Ba ɗan ƙungiya ko ɗaya da ya hana su.

Baffa bai kwashe kayansa ba. Ya tura buhunan gishiri gefe ya ba wata tsohuwa da jikokinta wurinsa, ya sa aka kawo randarsa daga gida, kullum shi ke kula da cika ta. Da ciwon amai da gudawa ya ɓulla a cikin mutanen, na roƙe shi ya zauna gida. Inna ma ta roƙe shi. Ya ce yawancinsu iyayensu sun sha ruwa a rumfarsa, ba yau zai juya musu baya ba. Ranar Laraba ya kwanta. Muka ɗauke shi a mota za mu asibiti, hanya duk ruwa ya cinye, muka yi ta zagaye. Bai kai ba.

Ban ce ginin ne ya kashe shi ba. Kwana ne ya ƙare. Amma na daɗe ina juya abin a raina, kuma har yau ban sami inda zan ajiye shi ba. Bayan sadakar bakwai na mayar wa ƙungiya littafinsu na ce su nemi wani magatakarda.

Da ruwa ya janye, yawancin baƙin suka koma suka sake gini. Wasu kuwa suka nemi fili a gefen gari suka zauna. Matansu ne suka fara kasa 'yan kaya a bakin bangon da aka fasa: kifi soyayye, ƙuli-ƙuli, tattasai. Matan cikin gari da ba sa son aika har bakin titi suka riƙa saye a nan. Yanzu da yamma za ka iske mutane, ba laifi, amma rabin ginin na gaba duhu ne, jemagu sun kama shi, kwano ya yi tsatsa yana yoyo. Albasa da motoci da hayaniya suna can bakin titi inda suke.

Kwanakin baya na shiga sayen kifi. Mai kifin wata yarinyar mace ce mai goyo, ban san ta ba, ita ma ba ta san ni ba. Da alama aure ya kawo ta garin. Tana naɗe mini kifin a takarda tana share gumi da gefen mayafi, ta ce, "Baba, don Allah wa yag gina wurin ga haka, ba taga ba komi?"

Na ce mata mutanen gari ne. Ta girgiza kai, ta ƙara mini yaji, ta juya ga mai saye na bayana.