Igiyar Maruƙa a Ƙugun Inna

Shekarar da fari ya cinye gonakinmu a Gangara, hajijiya ta kama innata. Kunnenta na hagu ya yi ta ƙugi, in ta sunkuya sai ƙasa ta juya mata. Maƙwabta suka ce yunwa ce, kamar su a ƙoshe suke. Likita a Gazawa ya ce jininta ne ya yi kauri, ba ya isa cikin kunnen sosai. Ya ce ta yawaita shan ruwa, ta daina leƙa rijiya. To, wa zai ɗebo mana? Mu ƙanana ne, baba ya tafi cirani.

Wata Bafillatana da dabbobinta suka ƙare ta ga Inna tana tangaɗi a bakin rijiya. Washegari ta zo da igiyar da take ɗaure maruƙa, ta ɗaura wa Inna a ƙugu.

"Ja guganki, yaya," ta ce, "ina riƙe da ke."

Haka suka yi kullum har damina ta faɗi. Igiyar nan ba ta tsirar mata da maraƙi ko ɗaya ba, amma ta tsirar mana da uwa.