Yaya Baraka ta Mabai, Wadda Ta Hana a Daka Iri

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha uku ga watan Nuwamba na 1957, Allah ya karɓi ran yayata, Baraka matar Malam Gide, a gidansu da ke Mabai cikin ƙasar Ƙanƙara. Ta rasu da hantsi, bayan ta haifi 'ya mace lafiyayya. Ni Salihu ƙanenta ina Sheme, inda nake koyar da ajin manya na yaƙi da jahilci, sai ga wani ɗan garinmu bisa keke bayan azahar. Tun kafin ya sauka na gane ba lafiya ba. Kafin in isa Mabai an riga an kai ta makwancinta, ban samu ko ɗaukar makara ba. Ƙasar kabarin kawai na tarar da sauran danshi.

Yaya, tun ranar nake ta juya rayuwarki a zuciyata, kuma abin da ya fi rinjaye a kaina, har ya ɗara baƙin ciki, shi ne mamaki. Na rasa yadda aka yi mace guda, mai ɗan ƙaramin jiki irin naki, ta riƙe gida mai ƙananan yara huɗu da abin da wani ba zai riƙe kansa shi kaɗai da shi ba.

Kowa a Mabai ya san ƙarfin Malam Gide. Mutumin kirki ne, ba ya ƙyuyar aiki, amma gonarsa guda ce a kan jigawa, sai ɗan fegin auduga a bayan gari. Abin da rumbu ke samu a kaka bai taɓa kaiwa wata kakar ba. Ke kuma ba ki taɓa ɗaukar ƙorya kin nufi gidan kowa da ƙorafi ba. Idan Malam ya auno miki hatsin yini, babu abin da ke zubewa ƙasa a cikinsa. Tsaba ta zama tuwo, ruwan gasari ya zama kunun safe, dusa ta tafi ga akuyarki, ƙanzo kuma ki kankare shi ki shanya a kan danga, ki tara a buhu don ranar da babu. Tokar murhu ma tana da aiki a wurinki: wata ki tace don miya, wata ki haɗa sabulu. Da kin sami sarari sai ki ɗauki mazari. Zaren da kike kaɗawa shi ne gishirin gidan, shi ne kanwa, shi ne man fitila.

Duk da haka ban taɓa shiga gidan nan na ji shi shiru irin na gidan talauci ba. Kullum hayaniya ce. Hadi da Nana suna rigima kan wa zai lashe muciya, Almu yana rarrafe yana jan kunnen akuya, Bilki 'yar farinki, wadda don kunya ba ki taɓa kiran sunanta ba sai dai ki ce "ke yarinyar nan", tana ƙoƙarin raba su da muryar manya. Ke kina tsakiya kina dariya, hannunki bai daina aiki ba. Da karan dawa kike yi musu mota, da yumɓu kike gina musu 'yan tukwane. Na taɓa jin Hadi yana yi wa wani yaro alfahari a ƙofar gida, wai duk garin babu gidan da ake cin daɗi kamar nasu. A ranar kuwa kwaɗon zogale suka ci, da ɗan ƙuli-ƙuli.

Ban manta wata ƙaramar Salla ba. Audugar shekarar ba ta yi kyau ba, Malam bai iya yi wa kowa ɗinki ba, har ya daina zama cikin gida da yamma don kada yaran su tambaye shi. Ranar Idi da safe sai ga su huɗun sun fito reras cikin baƙin saƙi mai ratsin fari, iri ɗaya. Na tsaya ina kallon yadin, na san shi. Zanenki ne na aure, wanda mahaifiyarmu ta ba ki ranar da za a kai ki, shi kaɗai ne abin da ya rage miki daga hannunta. Kin yanka shi, kin ɗinka da allura da hannunki. Ke kuma kika yi Salla da tsohon zanenki, kin wanke shi kin buge. Da na yi miki magana sai kika ce, "To Salihu, ina amfaninshi cikin adudu? Da Inna na da rai, ga jikin jikokinta za ta so ta gan shi."

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani shekaru uku da suka wuce, shekarar da hatsi ya yi tsadar da mutane suka bar zancen dami suka koma zancen mudu. Tun tsakiyar rani rumbunku ya ƙare. Kika sayar da akuya, kika riƙa fidda kwanukan jerenki ɗaya bayan ɗaya ana musanya su da dawa, har bangon ɗakinki ya koma fayau. Sai kuma kurkunu ya fito wa Malam a ƙafafu biyu, daidai lokacin da hadari ya fara haɗowa. Mutumin da ake jira ya fita nema ya kwanta, ko bayan gida sai an riƙe shi.

A ƙuryar ɗakinki akwai tulu biyu da kika liƙe bakinsu da laka. Iri ne, gero da dawa, zangarnun da kika zaɓa tun kaka, kika sussuke kika cakuɗa da toka. A lokacin gidaje da yawa a Mabai sun riga sun daka nasu irin sun ci, kuma babu mai ganin laifinsu.

Na zo da ɗan abin da na iya ɗaurowa a bayan keke, na tarar da abin da har yau nake gani idan na rufe ido. Yaran sun daina wasa. Nana tana zaune jikin turmi tana wani siririn kuka marar hawaye. Awarwaron hannunki ya zame har gwiwar hannu. Malam yana kwance a rumfa, ya juya fuskarsa bango. Ina nan zaune ya kira ki.

"Uwar Hadi, fasa tulun nan. Ba ni iya jin kukan yarinyar nan."

Kika durƙusa kusa da shi kika ce, "Malam, ban taɓa ƙetare maganarka ba. In ka sake cewa in fasa, sai in fasa. Amma in mun ci shi, kwana nawa za shi kai mu? Ranar da ruwa ya sauka, mi za mu sa ƙasa?"

Ya ce, "In ɗiyan suka mutu, wa za shi ci abin da aka shuka?"

Na zaci kuka za ki yi. Sai kika ce, "Ka ba ni su amana har ruwa ya zo. In na ga ɗaya ya kasa, da hannuna zan fasa, ba sai ka faɗa ba."

Haka aka bar tulun a liƙe. Ni kaina, Yaya, a zuciyata ban san wanda ya fi gaskiya a cikinku ba.

Daga ranar kika shiga daji. Kullum da asuba ki goya Almu ki fita, ki dawo da garin ɗorawa, da yaɗiya, da ganyen kuka, da duk abin da kika san ciki zai karɓa. Ɗan hatsin da ya samu sai ki dama shi tsararo ki bi su da ludayi, ƙarami kafin babba. Kowace safiya sai kin buɗe idon kowannensu kin duba, kin matsa ƙafarsa ki ga ko ta fara kumburi. Malam ya gaya mini cewa sau biyu ya gan ki tsaye a kan tulun da taɓarya a hannu, kina kallon Nana, sannan kika mayar da taɓaryar kika jingine.

Da ruwan shuka ya sauka, kika nemi izinin Malam, kika fasa lakar, kika ɗauki sungumi. Mutanen Mabai sun ga abin da ba su saba gani ba: mace da goyo tana sara, Bilki da Hadi suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kuma ba ki shuka shi duka ba. Dada, tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku tana riƙon jikoki marayu, ta shigo ta tsaya bakin ɗaki da ƙoƙo a hannu, domin nata irin ya daɗe da shiga tukunya. Kika cika mata ƙoƙo. Bayanta wasu gidaje suka aiko, kowa kika ɗiba masa. Irin da kika hana bakin 'ya'yanki, shi kika miƙa wa maƙwabta ba tare da an roƙe ki sau biyu ba. Na daɗe ina tunanin wannan, ban kai ƙarshensa ba.

Lokacin noma, mazan gidajen nan suka yi gayya suka nome gonar Malam, ba wanda ya gayyace su. Allah kuma ya ba da damina mai albarka. Ina nan ranar da aka fara karyo tumu. Kika gasa, kika murje a faifai, kika zaunar da su huɗun a gabanki. Babu wanda ya rasu a cikinsu. Malam ya fito da sanda yana ɗingishi, ya tsaya yana kallonsu suna tauna, sai hawaye suka zubo masa, ya koma rumfa da sauri don kada yara su gani. Ke kuwa cewa kika yi, "Ku ci a hankali, kar ku ƙware."

Ranar Larabar da ta zagayo aka haɗa abu biyu a ƙofar gidanku, addu'ar bakwai da raɗin suna. Ban taɓa ganin taro irinsa ba. Mutane sun zo daga Ƙanƙara, daga Faskari, har daga Damari inda dangin mahaifiyarmu suke, kowa ya rasa ko gaisuwa zai yi ko barka. Matar ƙanen Malam, Asma'u, wadda ke da goyo, ita ta karɓi jaririyar tana shayar da ita tare da nata. Dangi suka kawo shawarar a rarraba yaran don a rage wa Malam nauyi. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "Yunwa ba ta raba su ba, ni ba ni raba su." Mata sun fara kiran jaririyar Talle, kamar yadda ake kiran wanda ya buɗe ido bai tarar da uwa ba. Malam ya ce a bari. Ya raɗa wa liman suna, aka yi sanarwa: Baraka. Yaran suka dubi juna, domin ba su iya furta sunan mahaifiyarsu. Nana ce ta raba gardama. Ta leƙa fuskar jaririyar ta ce, "Inna Ƙarama ce." Da shi duk gidan ke kiran ta yanzu.

Ya Allah, baiwarka Baraka ta zo gare ka ta hanyar da malamai suka ce shahada ce. Ka karɓe ta da rahamarka, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka ciyar da ita daga 'ya'yan itacen Aljanna, ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Gide, Allah ya ba shi haƙuri da ƙarfin riƙon abin da ya ɗauka. Ga Bilki, da Hadi, da Nana, da Almu, da Inna Ƙarama, Allah ya raya ku, ya yi muku albarka. Ga Asma'u da Dada da dukan mutanen Mabai, Allah ya saka muku da alheri.

Yaya, kin gaji. Allah ya hutar da ke. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.