Karnen Aro

Shekara talatin ina sarin atamfa tsakanin Kwatano, Lome da Kano, kuma duk matar da na kalla sau ɗaya na san yadin da zai ishe ta. Amma ranar da aka kai autata likita a nan Gaya, wannan idon bai hana ni yin wauta ba.

Ta zo gida goyon ciki daga Malanbil, ta manto karnenta, wato ɗan littafin awon ciki, a ɗakin mijinta. Naƙuda ta taso da hantsi. Na san faɗan da sajifam, ungozomar asibiti, ke yi wa wadda ta zo babu karne, sai na ari na ɗiyar ƙanena. Sunansu ɗaya, watansu ɗaya. Sai dai ita doguwa ce kamar Bafulatana, autata kuwa ko kafaɗata ba ta kai ba.

Da azahar aka ce kan yaro ya ƙi sauka, sai an yi aiki. Wani saurayi mai koriyar riga ya fito da karnen a hannu, shi ne mai allurar baya, wadda ke kashe jiki kafin aiki. Na tambaye shi da Faransanci me yake dubawa.

"Tsawonta da nauyinta, Hajiya. Da su nake auna magani. Doguwa takan ɗauki da yawa. Gajera, ga babban ciki, in aka ba ta na doguwa, sai ya wuce ciki ya hau ƙirji."

"In ya hau fa?"

"Numfashi ke nan."

Ya juya zai shiga. A Lome na taɓa jin mace ta farka daga irin wannan aiki tana cewa hannayenta sun mutu, iska ta ƙi shiga. Sajifam na tsaye, ga mata cike da benci, rabinsu masu sayen zane a wurina.

"Ɗana," na ce. "Karnen nan ba nata ba ne."

Ya tsaya. Sajifam ta ce da Dandanci, don kowa ya ji, "Wato har karne ake aro yanzu, kamar turmi?"

Saurayin ya ɗaga karnen. Ya buɗe shafin, ya dube ni. "Na gan ta a kwance cikin zane, na ce wannan lambar ta yi mata yawa. Nawa ne tsawonta?"

"Mita ɗaya da rabi, ko ƙasa kaɗan. Ni ke yanka mata zane."

Bai yarda da bakina ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya karɓi mitar awo ya shiga.

Na zauna ina kallon ƙofar har aka kira la'asar.

Sajifam ce ta fito. Ta ce saurayin ya rage maganin, ya riƙa ɗora wa autata auduga mai sanyi yana tambaya ina take ji, mutuwar jikin ta tsaya daidai ƙasan nono. Mace aka samu. Ta miƙo mini karnen da yatsu biyu.

"Ki mayar wa mai shi, Hajiya. Ita ma watanta ne."