Ranar da Baba Katako Ya Kira Gida

Asabar ɗin da Najat ta hawo benen gidan rediyonmu riƙe da hannun kakarta ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna yawan tambayata yadda aka yi shirin yara ya daɗe haka bai mutu ba. To, daga wannan ranar abin ya samo asali.

A lokacin ina mai gabatar da shiri ne kawai, ban kai matsayin furodusa ba. Tasharmu ƙarama ce, a saman wani bene kusa da Ashanti New Town a birnin Kumasi, kuma yawancin masu sauraronmu mutanen Zongo ne, unguwar masu jin Hausa. Kowace Asabar da hantsi muna da shirin yara, a cikinsa akwai wasan kwaikwayo da na ƙirƙira a kan wani iyali na 'yan tsana da ke zaune a kan kanta a shagon wani tela. Uban gidan shi ne Baba Katako, wanda wani kafinta ya sassaƙa a Anloga, unguwar kafintoci. Matarsa Inna Atamfa, da ƙyallayen ɗinki aka yi ta. 'Ya'yansu biyu, Maɓalli da Zare. Duk lokacin da tela ya kulle shago ya tafi masallaci, sai su motsa, su sauko, su yi girki a murfin kwalba, su yi faɗa, su shirya, kafin ya dawo kowa ya koma wurinsa.

Yadda muke aikin shi ne, in rubuta labarin a tsakiyar mako, Manaja ya duba ya amince, mu yi gwaji ranar Juma'a da yamma, Asabar mu shiga kai tsaye. Ga wanda bai san aikin ba, kai tsaye yana nufin ba a ɗauka a tace. Abin da ya fita bakinka ya riga ya isa kunnen mutane. Ni nake yin muryar Inna Atamfa da ta yaran biyu. Baba Katako kuwa Malam Sulemana ne, wani malamin firamare mai kakkaurar murya, da yake zuwa yana taimaka mana don sha'awa. A ƙarshen shiri mukan buɗe layin waya yara su kira.

Ana nan sai aka yi wa Malam Sulemana canjin wurin aiki zuwa Tamale. Muka gwada mutane da dama, babu wanda muryarsa ta yi kama da tasa. Manaja ya ce kada mu wahalar da kanmu, a fitar da Baba Katako daga labarin kawai, yara za su manta. Haka na rubuta cewa wani ɗan kasuwa ya shigo shago ya gan shi, ya saye shi, ya jefa shi a jaka ya yi arewa da shi. Ranar da muka watsa wannan, da muka buɗe layi, waya ba ta yi ƙara sosai ba. Muka ɗauka matsalar layi ce.

Asabar ta gaba, ina duba takarduna kafin mu shiga, sai Kwame ya leƙo. Shi ne injiniyanmu, Ba'asante ne amma a Zongo ya tashi, Hausarsa irin ta unguwa. Ya ce wata yarinya ya zo da kakansa, yana nemana. Na fito na tarar da wata dattijuwa tana haki saboda hawan bene, da yarinya 'yar aji ɗaya a gefenta, rungume da 'yar tsanar tsumma. Dattijuwar ta ce sunanta Mma Hawa, koko da ƙosai take sayarwa, wannan jikarta ce Najat. Muna cikin gaisuwa yarinyar ta ƙura mini ido, don ta gane muryata.

"Anti, ke ce Inna Atamfa?"

Na ce ni ce.

"Me ya sa kika bari aka tafi da shi?"

Na dubi kakarta. Mma Hawa ce ta yi mini bayani. Uban Najat direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Nijar. Rufe iyaka ya rutsa da shi a can, watanni ke nan bai dawo ba, kuma ba kullum yake samun kiran gida ba. Yarinyar ta daure duk wannan lokacin, ba ta taɓa yin rigima ba. Amma tun da aka sayar da Baba Katako ta daina cin abincin kirki, sai a yi ta lallashi kafin ta kai loma baki. Ta ce wa kakarta ashe haka ake yi, uba ya tafi shi ke nan. Mma Hawa ta ce ba ta zo yi mana faɗa ba, ta bar tukunyarta a hannun maƙwabciya ne don yarinyar ta ji daga bakinmu cewa wasa ne.

Na san in na ce mata wasa ne, na ƙara ɓata abin. Ga lokacin shiga ya matso. Kwame da ke tsaye a bakin ƙofa yana jinmu ya ce, "Anti Rakiya, Malam yana da waya, mu ma muna da waya. Baba Katako ya kira gida mana."

Muka nufi ofishin Manaja. Da farko ya ƙi. Ya ce ƙa'idarmu ba a watsa abin da bai duba ba, ga shi babu gwaji, kuma in layin Tamale ya yanke a tsakiya ai mun ji kunya. Duk gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya leƙa waje kawai ya ga baƙinmu. Ya fita, ya gaisa da Mma Hawa, ya tsuguna ya tambayi Najat sunan 'yar tsanarta. Da ya dawo bai kalle ni ba ya ce mu je mu yi, in abin ya lalace shi zai ɗauki laifin.

Kwame ya kira Malam Sulemana, ashe yana tsakiyar kasuwa. Na yi masa bayani a gurguje, ya yi dariya ya ce mu ba shi lokaci ya sami lungu. Muka shiga situdiyo, na zaunar da Najat a kujerar baƙi, kakarta a bayanta.

Na fara labarin da ka. Na ce yau tela ya yi saurin tafiya masallaci har ya manta wayarsa a kan keken ɗinki. Maɓalli da Zare suna zaune jugum, sai wayar ta yi ƙara. Suka yi ta tsalle a kanta har ta amsa. Kwame ya buɗe layi, sai ga muryar nan ta cika ɗakin: "Salamu alaikum, mutanen gidana!" Lungun da Malam ya samu kusa da masu sayar da zabi ne, kukansu na ta shigowa. Bai damu ba, ya ce ai sababbin maƙwabtansa ke nan, ba sa barin kowa ya yi barcin rana. Ya ce ɗan kasuwar ya ajiye shi a kanta mai tsabta, lafiyarsa lau, sai dai kewar tuwon Inna Atamfa. Ya tambayi Maɓalli ko yana taimakon uwarsa, ya gargaɗi Zare ta daina ɓuya a akwatin allura.

Najat ta toshe bakinta da hannu tana dariya. Ban shirya ba, sai kawai na tura mata makirufo, na ce wa Baba Katako ga wata baƙuwa tana son magana da shi.

"Yaushe za ka dawo?" in ji ta.

Malam ya amsa mata da muryar Baba Katako. Ya ce, "Ban san ranar ba, 'yata, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma kullum ina tunawa da gida, kuma duk Asabar zan kira. Ke dai ki ci abinci, kada in dawo in tarar kin rame."

Ta ce to. Ta juya ta tambayi kakarta ko akwai sauran ƙosai, makirufo a buɗe, duk Kumasi ta ji. Ta gilashi na hango Manaja ya dafe ciki yana dariya.

Da muka buɗe layi, kira ya yi ta shigowa har lokacinmu ya ƙare. Wannan ya ce babansa yana Accra, wannan ta ce nata yana Libiya, wani ya ce mamarsa ce take aiki a Saudiyya. Kowa yana son Baba Katako ya isar masa da gaisuwa. Mu da muke zaune a Zongo, sai ranar muka lura da yawan gidajen da ke jiran wani.

Daga nan kiran Baba Katako ya zama sashe na dindindin. Ba a daɗe ba iyaye na gaske suka fara kira daga inda suke, Manaja ya ƙara mana lokaci saboda su. Wata Asabar uban Najat ya kira daga tashar motoci a Yamai, ya gaishe da 'yarsa. Bayan babbar Salla ya samu ya dawo. Ya zo tashar da kansa, Najat a kafaɗarsa, wasu samari biyu na biye da buhun albasa. Har mai gadi sai da ya kai albasa gida ranar.

Abin da na koya shi ne, mu a situdiyo muryoyi muke canzawa, amma yaron da ya kanga kunne a rediyo da iyalin nan yake zaune, yana auna gidansu da nasu. Yara suna iya ɗaukar labari mai ciwo in ba a bar su su kaɗai a cikinsa ba. Don haka duk wanda zai karɓi shirin yara a hannuna, ina gaya masa kafin ya taɓa kowa a cikin labari, ya fara tambayar kansa wane yaro ne yake saurare, kuma wa yake jira ya dawo.