Sunan Ɗan Fari a Kasuwar Gwiwa

Ni mai gyaran injin ban ruwa ne a Kazaure. Shagona rumfar kwano ce a gefen hanyar da ke gangarawa dam. Ban yi boko ba. Amma in aka tayar da inji a gabana, kunnena zai gaya mini ciwonsa kafin in ɗauki sifana. Yatsuna biyu na hagu, bel ɗin injin niƙa ya tafi da su tun ina saurayi. Matata da 'ya'yana biyu, amai da gudawa ya kwashe su a damina ɗaya. Aka bar ni da na farin, yana ɗan shekara bakwai.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ba a yabonsa, ba a nuna shi a gaban mutane. Ni ma ɗan fari ne, ubana ya mutu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Da uwar yaron ta rasu aka ce in kai wa ƙanwata a Roni ta riƙe shi. Na ƙi. Ni na yi masa wanka, ni na dama masa koko. Sunan dai ban kira ba. In ina son sa, in ce kai. In ana zancensa, in ce yaron nan.

Ya yi makaranta har ya karanto injiniya, ya dawo da takarda, aiki bai samu ba. Ya zauna a bencina. Mutane suna ce masa Injiniya, ni ina ce masa miƙo wancan.

Lokacin da fetur ya yi tsada, masu lambu suka fara jingine injinansu, aiki ya ja baya. Shi ne ya yi wata dabara. Ya haɗa amalanke na ƙarfe, ya jera farantan sola a kai, ya ɗaura famfo, babur yana ja daga lambu zuwa lambu. Manomi ɗaya ba zai iya sayen sola ba, amma mutum takwas suna iya yin karo-karo su riƙa karɓa bi da bi. Ya yi guda uku. Ɗaya a bakin dam, ɗaya a Roni, ɗaya a wata fadama bayan Gwiwa. Ni na yi masa waldar ƙafafun, sauran duk kansa ne.

Wata rana muna cin ɗanwake ya ce akwai wata ƙungiya da ke biya wa injiniyoyi da masu ilimin kimiyya karatun kasuwanci a ƙasar waje. Shekara biyu, ci da sha da jirgi duk nasu. Ya ce ya nema, sunansa ya shiga cikin na ƙarshe. Na ce in kasuwanci yake so ga Babura nan, ya je ya tsaya bayan dillalin hatsi wata uku, har lissafin sefa, kuɗin Nijar, zai iya.

Ya ce, “Baba, na iya haɗa guda ɗaya. Ban san yadda ake haɗa ɗari ba tare da mutum ya karye ba.”

Ban ce je ka ba, ban ce kar ka je ba. Na ci gaba da cin ɗanwakena. Na san dai wanda ya hau jirgi ba ya dawowa rumfar kwano.

Ƙungiyar ba ta tsaya a takarda ba. Suka aiko wata mata ta ga aikin da idonta, ta ji daga bakin mutane ko da gaske shi ya yi. 'Yar kudu ce, Hausarta ta koyo ce amma ana ganewa. Ta zo da hantsi a farar mota, da littafi a hannu. Ta duba amalanken da ke bakin dam, ta dawo rumfa, ta ce yaron ya ɗan ba mu wuri. Ya tafi wajen masu lambu. Maƙwabcina mai faci, wanda muka fi shekara ashirin rumfa na jikin rumfa, ya ba ta kujerarsa ya koma gefe yana kankare tayar keke, kunnensa a wajenmu.

Ta tambaye ni ko ni ne mahaifinsa. Na ce haka ake faɗa. Ta tambayi wane ne ya ƙirƙiro amalanken. Na ce a nan shagon aka yi. Ta ce ta sani, amma tunanin na wane ne. Na ce yaron nan yana ɗan taɓawa. Ta ambaci sunansa, ta ce shi nake nufi? Na dubi ƙasa. Ta ce to yaya hannunsa a aiki, yaya kuma riƙon amanarsa? Na ce ba laifi.

Ta rubuta. Na ga rubutun bai kai layi biyu ba. Ta rufe littafin, ta yi godiya, ta ce gobe za ta Gwiwa ta ga na ukun, daga can ta wuce.

Motar na tashi mai faci ya jefar da tayar. Ya ce shi ya ga marowaci iri-iri, amma bai taɓa ganin mai rowar baki irina ba. Ya ce matar nan ba 'yar garin nan ba ce, ba ta san kunyar ɗan fari ba, abin da ta ji shi ne uban ma bai yarda da ɗan ba. Na ce ya kula da facinsa. Ya ce facinsa yana riƙe iska, ni kuwa yanzu na sace tayar ɗana da hannuna.

Mai faci ya gaya wa yaron, na sani, don bakinsa ba ya riƙe magana. Yaron ya dawo ya kwance kafireton wani inji ya wanke, ya mayar, ya sake kwancewa. Da la'asar ya ce, “Baba, a rufe?” Na ce a rufe. Ba zai iya bin matar ya ce mata ubana yana so na, al'ada ce ta hana shi faɗa ba. Wa zai faɗi haka da bakinsa?

Gaskiyar da ban gaya wa mai faci ba ita ce, ba kunya ce kaɗai ba. Kunyar tana nan, amma na ɓuya a bayanta. Lokacin da matar take tambaya, bencin nake kallo, ina ganinsa babu kowa a kai. Na san abin da nake yi.

Da safe bayan na idar da salla na ce masa zan je neman bel, ya buɗe shago. Na hau babur na kama hanyar Gwiwa. Ranar kasuwa ce, hanya cike da masu awaki da kekuna. Na tarar da farar motar a gindin wata bishiyar maina a bakin kasuwa. Matar ta dawo daga fadama ke nan, takalmanta duk laka, tana zaune a mota ƙofa a buɗe tana shan ruwa. Ta gane ni.

Ta ce, “Baba, lafiya?”

Na ce, “Jiya ban gama ba. Buɗe littafin.”

Ta buɗe. Na faɗi sunansa. Shekara talatin yana bakina bai fito ba, da ya fito sai ya zo kamar tari. Na sake faɗa don ta ji da kyau. Na ce ɗana ne, na farko, shi kaɗai ya rage. Na ce amalanken daga kansa ya fito, ni walda kawai na yi, waldar ma sau biyu ya sa na sake don ta karkace. Na gaya mata yadda famfon Roni ya ƙone a sati na biyu, yaron ya je ya gaya wa manoman cewa kuskurensa ne, ya yi kwana huɗu a can har ruwa ya fito. Na ce shekara arba'in ina gyaran inji da kunne, shi yana jin abin da nake ji, yana kuma ganin abin da ba na gani.

Na ce, “Ya fi ni. Rubuta haka.”

Ta rubuta, ta juya shafi. Ta tambaye ni me ya hana ni faɗa jiya. Na ce mu ba ma yabon na fari. Ta ce to yau fa? Na ce yau ba ya nan. Ta ce in ya tafi wa zai taya ni aiki. Na ce wannan ba ya cikin abin da aka aiko ta tambaya.

Na koma Kazaure kafin azahar, hannu wofi. Yaron ya dubi babur, ya dube ni, bai tambayi bel ba.

Bayan wata biyu saƙo ya zo a wayarsa, an ba shi. Ko maganata ce ta yi aiki, ko dama za su ba shi, ban sani ba. Mai faci ya yi ta shiga rumfa yana fita kamar shi ya haife shi. Ni na ce Allah ya sa alheri, na ci gaba da ɗaure tiyo.

Ran tafiya na raka shi tasha. Ya sa jakarsa a but, ya dawo ya durƙusa. Ya ce matar ta gaya masa na bi ta Gwiwa. Na ce bel na je nema. Ya ce, “Baba, ba a sayar da bel a Gwiwa.” Na ce shi ya sa ban samo ba. Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Na ce ya tashi, mota ta cika.

Yanzu shekara ta uku ke nan. Ya gama karatun, wani kamfanin famfo ya riƙe shi a can, ya ce na ɗan lokaci ne. Amalanken bakin dam yana aiki, ni nake duba shi. Ɗanwake kwano ɗaya nake saya, ba na cinyewa. Wani lokaci ina ƙarƙashin inji sai in miƙa hannu baya in ce miƙo wancan, hannun ya tsaya a iska, sai in tashi in ɗauko.

Yana kira duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mai faci ne ya sa mini lambar a waya, ya rubuta sunan, ya ce ko ban iya karantawa ba in riƙa ganinsa. Na haddace siffarsa. In wayar ta yi ƙara nakan bar ta ta ɗan jima ina kallo, sannan in ɗauka in ce, “Kai ne?”