Anti Sa'adiya da Burtun da Muke Nema Mata

Duk wanda ya taɓa kwana a Kurudu ya san idan ba ka fita da duku-duku ba, sai dai ka yi hantsi a cunkoson Nyanya. Mutane na zagin wannan cunkoso, ni ma ina cikin masu zaginsa. Anti Sa'adiya kuwa ofis ta mai da shi. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki jakarta ta kama bas, ta nemi kujerar taga, ta gyara tabarau, ta buɗe waya. Kafin motar ta ja jiki ta kai ta makarantar sakandaren da take koyar da ilimin halittu, ta gama duba hotunan da muka zuba jiya, kowanne ta ba shi sunansa.

Mu ne 'yan zauren Ido a Daji, wani taro a intanet na masu ɗaukar hoton tsuntsaye da ƙwari da duk wani abu mai rai a Abuja da kewayenta. A cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati irina, akwai 'yan kasuwa, akwai direba. Ƙa'idarmu ɗaya ce: ba a ƙirga halitta sai Anti ta duba ta rubuta "Na gani." A satin jiya muka cika nau'i ɗari biyar. An yi ta taya juna murna, masu manyan kyamarori ana ta yi musu kirari. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don matar da ta ɗora mu a hanya ba ta iya ganin hoton na ɗari biyar ɗin ba.

Hawan jinin ido ne ya kama ta. Likita ya gaya mata abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa saura. Gefe-gefe ya fara cinyewa, yanzu kamar ta cikin bututu take leƙen duniya, bututun kuma ƙara tsukewa yake. Ta yi ritaya daga koyarwa, ga shi ta ajiye aikin zauren ma. Abu ɗaya ta ce tana roƙon Allah kafin hasken ya ƙare, ta sake ganin burtu. Tana yarinya a ƙauyensu na wajen Birnin Gwari, burtu biyu kan bi bayan gonar mahaifinta suna taku kamar attajirai, kukansu na tashin mutum da asuba. Tun da ta zo Abuja ba ta ƙara sa shi a ido ba. Shekara da shekaru muna yawon daji, babu wanda ya kawo mata ko hotonsa.

Kada wani ya ɗauka mace ce mai sanyi. Zaid, wani abokinmu mai son a sani, ya taɓa turo hoton aku ya ce a kurmi ya same shi. Kowa ya yi ta tafi. Anti ta ƙara girman hoton, ta ce masa inuwar wayar keji ce a kan fiffiken, kuma bayan akun ga laimar masu sayar da kaya na Kasuwar Wuse. Ta ce abin da ke cikin keji ba na daji ba ne, ba za ta ƙirga ba ko da zai yi fushi har Mahadi ya bayyana. Zaid ya fice daga zauren. Ita ce kuma ta bi shi da waya tana lallashi, har ya dawo. Yau shi ne ya fi kowa kawo mana hoton shamuwa da zalɓe.

Amma a bar sabon shiga ya turo ƙadangare, hoton ma duk ya yi dishi-dishi, a nan za ka ga haƙuri. Mu tsofaffi sai mu wuce ko kallo babu. Ita sai ta tsaya ta faɗa masa sunansa, ta nuna masa yadda ake gane namiji da jan kai, ta ce gobe ya gwada ba wa rana baya. Haka ta yi wa Thaddeus, direban tasi mai kore da fari, wanda ya fara da hoton balbela a bakin kwata. Yanzu duk inda ya sauke fasinja sai ya ɗaga kai ya duba bishiya. Ya ce mini matarsa har ta gaji da shi, wai waya ta cika da tsuntsu babu hoton yara.

Ke ce kika hana a faɗi inda sheƙa take, Anti, tun ranar da aka kwashe 'ya'yan mujiya bayan wani ya bayyana wurin. Ke ce ba ki taɓa sa sunanki a kan hoton kowa ba, ke da wayarki mai fasasshen gilashi. Uwar zaure, ba ki taɓa riƙe babbar kyamara ba, amma da idonki muka koyi gani. Wallahi muna kewarki. Har yau da na shiga mota da safe sai hannuna ya kai ga waya, in ga babu saƙonki, in mayar da ita aljihu.

Na ɗari biyar ɗin wani ɗan mazari ne mai jan wutsiya, ƙwaron nan mai shawagi a kan ruwa, Thaddeus ya ɗauko shi a fadamar Yangoji. Masana biyu daga cikinmu sun tabbatar sabo ne a wurinmu, amma babu wanda ya yarda ya ƙirga. Muka yi ta jira har azahar. Sai ga saƙon murya, 'yarta Nazeefa ta riƙe mata wayar.

"Yarana, ban gani ba," in ji ta. "Amma na yarda da idonku. Ku ƙirga."

Ta yi dariya ta ce ashe duk wannan jira a kan mazari za a ƙare. Ina ofis na saurara, sai da na tashi na rufe ƙofa.

Na je gaishe ta a Kurudu bayan kwana biyu, na tarar Thaddeus ya riga ni, yana durƙushe a gefen tabarma. Ya ce wani manomi a Yangoji ya rantse masa yana jin kukan burtu da sassafe ta bayan dutse. Bai gan shi ba, ji kawai yake yi. Na so in ce kada a sa mata rai a kan zancen da ba tabbas, amma kafin in buɗe baki har ta tura Nazeefa ta nemo mata takalmin daji.

Allah ya saka miki da alheri, Anti Sa'adiya, ya tsayar da hasken da ya rage. Ku kuma 'yan zaure, da duk mai karanta wannan, idan sabon shiga ya turo muku abin da kuka raina, ku tsaya ku amsa masa. Aikin ke nan da ta bar mana, kuma ba ya bukatar kyamara.

Ranar Asabar za mu tafi Yangoji a motar Thaddeus, kujerar gaba tata ce. Ko za mu same shi, Allah ne masani. Ran nan a Kurudu, da na tashi tafiya ta riƙe hannun rigata, ta ce ta san halinmu, da mun ga abu sai ƙyas-ƙyas, mu manta da na kusa da mu.

"Idan ya fito, kada ku fara ɗaukar hoto," ta ce. "Ku fara juya mini fuskata wajen da yake."