Ranar da Janareta Ya Mutu

Ranar Laraba ce. Na dama koko, na share ƙofar ɗakinmu. Gidan haya muke a Sabon Gari, ɗakuna a zagaye da rijiya. An kawo wuta, fanka na juyawa.

Wajen ƙarfe bakwai maigidana ya shigo da jarkar fetur. Ya cika janareta, ya goge hannu, ya sha koko. Ya ɗauki wayata a kan katifa, ya daɗe yana dubawa, ya ajiye ta a kife. Ya tafi shagonsa a unguwar PZ.

Na tsaya ina kallon jarkar. Ga wuta. Me za a yi da fetur?

Aurena na biyu ne. Tun da na shigo, bai taɓa dukana ba sai ya fara tada janareta. A gindin tagarmu yake, ƙaramin nan mai ƙarar tsiya. In yana aiki, ko ihu kike ba mai ji. Na sha guduwa gidan Baffana a Samaru. Kullum a ce yaji ne, a zo biko, a mayar da ni. Baffa yakan tambaye ni wa ya gani, wa ya ji. Babu. Yakan ce in yi haƙuri, in wannan auren ma ya mutu ni za a zarga.

Na tuna jiya na kira tsohuwar surukata, inda 'yata take zaune. Na goge kiran? Na duba. Ban goge ba.

Da hantsi na jira tsakar gida ta yi shiru. Na tsuguna gefen janareta kamar ina shara. Akwai wani ɗan ƙarfe da ake murɗawa mai ya sauka cikin inji. Na murɗe shi, na rufe. Na wanke hannu da sabulu, na shinshina, na sake wankewa. Na zauna ina tunanin ko an gan ni ta labule, ko zai lura, ko ma laifi ne taɓa kayan miji ba izini.

Bayan azahar na ji babur ɗinsa. Ba ya dawowa a wannan lokacin. Na ji ya ja igiya. A ja na biyu injin ya tashi. Na ce shi ke nan, ba daidai na murɗa ba.

Ya shigo ɗaki. "Rufe ƙofar."

Na rufe. Ya sa sakata da kansa. Ya ce wa nake kira a gidan tsohon mijina. Kafin in amsa ya mare ni a kunnen hagu. Na faɗi jikin gado. Ya zare bel.

Sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Ya mutu.

Shi bai lura ba. Ya ci gaba, yana cewa yau sai ya kashe ni. Ni ma ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Na ji keken Malam Ado, telan da ke ɗakin zaure, ya tsaya. Na ji takalma.

"Buɗe ƙofar nan!"

Suka doka har sakata ta fita. Malam Ado da wani maƙwabci suka riƙe shi. Maman Ngozi, mai sayar da garin rogo a ɗakin kusa da namu, ta yafa min zanenta.

"Gudu, Rabi!"

Na fita ba takalmi. Ban bi ta PZ ba, yaran shagonsa sun san ni. Na bi lungu na tari Keke. Mai Keken yana ta kallona ta madubi. Na ce a raina ko ya san maigidana ne? Na sauka tun ban kai ba, na shiga motar Samaru. Wata mata ta ce jini na fita a kunnena, ta tambayi unguwarmu. Na faɗi wata daban.

Ana kiran la'asar na isa. Baffa na alwala a ƙofar gida.

"Yajin ne kuma?"

"Ba yaji ba ne, Baffa. Wannan karon an ji."

Masu biko suka zo kamar kullum, da goro da baki mai daɗi. Baffa ya ce sai a kotu. Har ranar zama ban yarda shaidun za su zo ba. Malam Ado shi ke wa maigidana ɗinki, masallaci ɗaya suke salla. Na yi ta cewa ya riga ya same su.

Sun zo. Suka faɗi abin da suka ji da abin da suka gani. Alƙali ya raba auren saboda cutarwa.

A asibitin Shika likita ya leƙa kunnen da fitila, ya ce dodon ya fashe, abin da ke bayansa ma ya taɓu. Na tambaya ko zai dawo. Ya ce a yi addu'a.

Da a kan dama nake kwanciya, kamar yadda aka koya mana. In na kwanta haka yanzu, ba na jin kiran salla. Na koma kwanciya ta hagu.